Wa ke naɗa ministoci a gwamnatin ƙawance ta Waloniya, kuma wa ke iya tsige su?

Tambaya: "Na karanta cewa yankin Waloniya na ƙasar Beljiyam, inda ake magana da Faransanci, yana da gwamnatinsa da ministocinsa, kuma kullum jam'iyyu biyu ko uku ne ke haɗuwa su kafa ta. Shugaban wannan gwamnati kamar gwamnan jiha yake, ya ɗauki wanda ya ga dama ya sallami wanda ya ga dama? Yaya ake raba ma'aikatu tsakanin jam'iyyun? In kuma suka ɓata, sai a sake zaɓe?"

Malam, shugaban ministocin Waloniya ba ya naɗa minista, ba ya kuma korar minista. Kujerar ta jam'iyya ce. Shugaban jam'iyya ke faɗin sunan wanda zai hau ta, majalisar dokokin yankin ta zaɓe shi, sannan a rubuta iyakar aikinsa baƙi da fari. Sake zaɓe kafin wa'adi kuwa babu shi a tsarin kwata-kwata. In ka riƙe waɗannan biyun, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Sai dai dole ka fara sanin cewa masu Faransanci a Beljiyam gwamnati biyu gare su, ban da ta tarayya. Ƙasar ta kasu Yankuna uku, wato Filandas, Waloniya da birnin Burasel, ta kuma kasu Al'ummomi uku bisa harshe: masu Holanci, masu Faransanci da masu Jamusanci. Yanki shi ke riƙe da abin da ya shafi ƙasa da dukiya: tattalin arziki, samar da aikin yi, noma, gidaje, muhalli, hanyoyi, motocin safa na TEC, da sa ido kan ƙananan hukumomi. Al'umma kuma ita ke riƙe da abin da ya shafi harshe da tarbiyyar mutum: makarantu, jami'o'i, al'adu, gidan rediyo da talabijin na RTBF, kula da ƙananan yara. Mutanen Filandas tun 1980 suka haɗe nasu biyun, majalisa ɗaya gwamnati ɗaya. Masu Faransanci ba su haɗe ba, kuma babban abin da ya hana shi ne Burasel, birnin da yawancin mutanensa Faransanci suke yi amma ba ya cikin Waloniya. Don haka akwai gwamnatin Waloniya a Namur, da majalisarta mai kujeru 75. Akwai kuma gwamnatin Al'ummar masu Faransanci a Burasel, da majalisarta mai kujeru 94, wato 75 daga Waloniya da 19 daga cikin 'yan majalisar Burasel masu Faransanci. Tun 2011 wannan ta biyun ke kiran kanta Tarayyar Waloniya da Burasel, ko da yake tsarin mulki bai canja mata suna ba. Dokar da kowace daga cikin majalisun nan ta yi a fagenta ƙarfinta ɗaya da dokar tarayya, gwamnatin tarayya ba ta da ikon soke ta. In an yi jayayya kan iyaka, Kotun Tsarin Mulki ke raba gardama.

Komai daga lamba 38 yake farawa, domin ita ce rinjaye a majalisa mai kujeru 75. Ana zaɓe duk shekara biyar, ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, kuma sai jam'iyya ta kai kashi 5 cikin 100 a mazaɓa kafin a sa ta a rabo. Tun 1995 da aka fara zaɓen majalisar kai tsaye babu jam'iyyar da ta taɓa kai 38 ita kaɗai. Mafi yawan da aka taɓa samu shi ne 34, na jam'iyyar 'yan gurguzu ta PS a 2004. A zaɓen 26 ga Mayu 2019 PS ta samu 23, MR ta masu ra'ayin sakar wa kasuwa mara ta samu 20, Ecolo ta masu rajin kare muhalli 12, cdH ta masu matsakaicin ra'ayi 10, sai PTB ta 'yan gurguzu masu tsattsauran ra'ayi 10. A na 9 ga Yuni 2024 lissafin ya juye: MR 26, PS 19, Les Engagés (cdH ce ta sake suna) 17, PTB 8, Ecolo 5.

A matakin tarayya sarki ne ke naɗa mai shiga tsakani da mai kafa gwamnati. A yanki sarki ba ruwansa da tattaunawar. Al'ada ce kawai ta ba jam'iyyar da ta zo ta ɗaya damar fara kiran sauran, kuma babu dokar da ta ce dole a tafi da ita. Duk waɗanda suka haɗa 38 sun kafa gwamnati. Dubi bambancin shekarun nan biyu. A 2019 PS da Ecolo sun so su tafi su biyu, amma kujerunsu 35 ne, saura uku. cdH ta ce adawa za ta yi, PTB ta fice daga tattaunawa, ala tilas suka koma wa MR. Sai 13 ga Satumba aka rantsar da gwamnatin Elio Di Rupo, kwana 110 bayan zaɓe, da jam'iyyu uku masu kujeru 55 waɗanda ra'ayinsu kan haraji da kashe kuɗi ya yi hannun riga. A 2024 kuwa PS ta ce tun washegarin zaɓe ta koma adawa, MR da Les Engagés suna da 43, shugabanninsu Georges-Louis Bouchez da Maxime Prévot suka zauna, ran 11 ga Yuli suka fito da yarjejeniya, ran 15 aka rantsar da gwamnatin Adrien Dolimont. Kwana 36.

Tsarin tattaunawar kusan ɗaya ne kowane karo. Ana fara jin ta bakin ƙungiyoyin ma'aikata, na masu kamfanoni, na manoma, shugabannin jami'o'i da manyan ma'aikatan gwamnati. Sannan a kafa ƙananan kwamitoci, kowanne da fagensa, ƙwararrun jam'iyyun su rubuta abin da aka yarda, abin da ya gagara a ajiye shi gefe a miƙa wa shugabannin jam'iyya. Jadawalin kasafin kuɗi na shekara biyar shi ne inda ake kai ruwa rana, domin kowane alkawari sai an nuna inda kuɗinsa zai fito. Abin da ke fitowa a ƙarshe takardu biyu ne, ɗaya ta manufofin Yanki, ɗaya ta manufofin Al'umma, kuma tare ake tattauna su. Daga nan kowace jam'iyya ta kira babban taronta a kaɗa ƙuri'ar shiga gwamnati. Sai bayan wannan ake faɗin sunayen ministoci, galibi ana gobe rantsuwa, don kada wanda bai samu kujera ba ya tayar da ƙura a taron.

Kada ka raina wannan takarda. Ba doka ba ce, kotu ba ta san da ita ba, amma ita ce alƙalin zaman shekara biyar. Abin da aka rubuta a cikinta da lamba da rana yakan wuce ba tare da dogon ja-in-ja ba. Misali, yarjejeniyar 2024 ta ce za a rage kuɗin rajistar sayen gida, ga mai sayen gidansa ɗaya tilo na zama, daga kashi 12.5 cikin 100 zuwa kashi 3, kuma ran 1 ga Janairu 2025 ragin ya fara aiki. Abin da aka rubuta da harshen "za a duba" ko "za a nazarta" kuwa alama ce cewa ba a daidaita ba, an dai ɗage rigimar ne zuwa gaba. Abin da ba ya cikin takardar sam, kowace jam'iyya na iya cewa ba ta san zancen ba, kuma maganarta ta zauna.

Yanzu rabon kujeru. Kamar watanda ne: kowa gwargwadon abin da ya zuba, kuma ana ɗauka bi da bi. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne lissafin D'Hondt, wanda da shi ne ma ake raba kujerun majalisa. Za ka raba kujerun kowace jam'iyya da 1, da 2, da 3, haka har gaba, sannan ka jera sakamakon daga babba zuwa ƙarami. Ɗauki na 2024. MR mai 26 za ta ba ka 26, 13, 8.67, 6.5, 5.2, 4.33. Les Engagés mai 17 za ta ba ka 17, 8.5, 5.67, 4.25. Jera takwas na farko: 26 na MR, 17 na Les Engagés, 13 da 8.67 na MR, 8.5 na Les Engagés, 6.5 na MR, 5.67 na Les Engagés, 5.2 na MR. Biyar da uku ke nan, kuma haka gwamnatin Dolimont ta fito, ministoci biyar na MR, uku na Les Engagés. Ƙara biyu na gaba, 4.33 da 4.25, ka samu shida da huɗu, wanda shi ne adadin ministocin kowace jam'iyya in ka haɗa gwamnatocin biyu. Gwada da na 2019, wato 23, 20 da 12, za ka samu uku, uku, biyu, kuma haka gwamnatin Di Rupo ta kasance.

Lissafin yana ba ka yawa ne da kuma wanda zai fara ɗauka. Nauyin abin da ke cikin kowace kujera sai an yi ciniki. Shugabancin gwamnati ya fi kujerar minista tsada, shugabancin majalisa ma ana sa shi a sikeli. Shi ya sa ake musaya: a 2019 PS ta ɗauki shugabancin gwamnatin Namur, MR ta ɗauki na Al'umma da Pierre-Yves Jeholet. A 2024 MR ta ɗauki Namur da shugabancin majalisar Waloniya, wanda aka ba Willy Borsus, Les Engagés ta ɗauki gwamnatin Al'umma da Élisabeth Degryse, da shugabancin majalisarta da Benoît Dispa. Kowace jam'iyya tana neman fagen da masu zaɓenta za su gani da idonsu. MR takan kama tattalin arziki da noma, Ecolo ta kama makamashi, sufuri da muhalli a 2019, PS ta kama aikin yi, lafiya, gidaje da ƙananan hukumomi. Wannan ciniki ne ke haifar da ma'aikatun da in ka ji sunansu sai ka yi mamaki, kamar minista ɗaya ya riƙe makamashi, gidaje da filayen jirgin sama. Ba wata hikimar mulki ce ta haɗa su ba, cika ma'auni ne.

Doka ta sa wa cinikin shinge. Ministocin Waloniya ba za su wuce tara ba har da shugabansu, na Al'umma ba za su wuce takwas ba, kuma a cikin na Al'umma dole a samu aƙalla ɗaya mazaunin Burasel. Tun 2019 kuma dokar Waloniya ta ce maza ko mata, kowane ɓangare kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku na gwamnati. Wannan sharaɗi ya taɓa kama shugaban jam'iyya dumu-dumu. A farkon Oktoba 2020, da aka kafa gwamnatin tarayya, Bouchez ya so ya sauke Valérie De Bue daga gwamnatin Waloniya ya sa Denis Ducarme a gurbinta. Mata uku ne cikin ministoci takwas, in an cire ta saura biyu, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Dole aka janye, De Bue ta ci gaba da zama, jam'iyyar kuma ta yi kwanaki tana rikicin cikin gida. Lura da wanda ya yi yunƙurin sauke ta: shugaban jam'iyyarta ne, ba Di Rupo da ke shugabantar gwamnatin ba.

Zaɓen kansa bai da wuya. Dokar musamman ta 8 ga Agusta 1980 ta ce in aka miƙa wa shugaban majalisa jerin sunayen ministoci ɗauke da sa hannun mafi rinjayen 'yan majalisa, to an zaɓe su ke nan, kuma yadda sunayen suka jeru haka girmansu zai jeru. In babu irin wannan jeri, sai a zaɓe su ɗaya bayan ɗaya ta ƙuri'ar sirri. Ministoci na rantsuwa a gaban shugaban majalisa, su fitar da shugaba daga cikinsu, shi kaɗai ne zai ƙara zuwa fada ya yi rantsuwa a gaban sarki. Ɗan majalisar da ya zama minista yakan bar kujerarsa ga mataimakin da ke jerin jam'iyyarsa, in ya sauka ya dawo ya karɓa. Ba dole ba ne ma minista ya taɓa tsayawa takara. Céline Tellier daga shugabancin gamayyar ƙungiyoyin kare muhalli aka ɗauko ta a 2019, Cécile Neven kuma daga shugabancin ƙungiyar masu kamfanonin Waloniya a 2024.

Ga yadda rabon ya kasance ranar da aka kafa gwamnatin 2024. Dolimont, injiniya ɗan shekara 35, ya haɗa shugabanci da kasafin kuɗi, harkokin kuɗi, binciken kimiyya da walwalar dabbobi. Mataimakansa biyu ne, kowace jam'iyya ɗaya: François Desquesnes na Les Engagés mai tsara ƙasa, manyan ayyuka, sufuri da ƙananan hukumomi, da Jeholet na MR mai tattalin arziki, masana'antu, aikin yi da koyar da sana'a. Yves Coppieters, farfesan lafiyar al'umma, ya karɓi lafiya, muhalli da jin daɗin jama'a. Jacqueline Galant ta karɓi ma'aikatan gwamnati da gine-ginen wasanni, Valérie Lescrenier yawon buɗe ido, kayan tarihi da gidajen renon yara, Neven makamashi, gidaje da filayen jirgin sama, Anne-Catherine Dalcq noma da karkara. A gwamnatin Al'umma mutum shida ne, amma biyu kawai ne nata na kanta, Degryse da Valérie Glatigny mai ilimi. Sauran huɗun, Dolimont, Coppieters, Galant da Lescrenier, ministocin Namur ne da ke zama a gwamnati biyu. Da haka jimillar ministoci ta sauko daga 13 a 2019 zuwa 10.

Wannan riƙon kujera biyu ba don tsimi kawai ake yin sa ba. Gwamnatin Al'umma ba ta da harajin kanta da za a ce tana dogaro da shi, kasonta take jira daga harajin tarayya bisa dokar rabon kuɗi ta 1989, kuma albashin malamai ke cinye mafi yawansa. Da kuɗi suka yi mata ƙaranci a farkon shekarun 1990, sai ta miƙa wa Waloniya wasu ayyukanta daga 1994, irin su yawon buɗe ido, gine-ginen wasanni, jigilar 'yan makaranta, koyar da sana'a da wani ɓangare na lafiya da taimakon jama'a. Sakamakon shi ne fage ɗaya ya rabu gida biyu. Ginin filin wasa na Namur ne, ƙungiyoyin da ke wasa a ciki na Al'umma. Ginin gidan renon yara na Yanki ne, lasisinsa da kula da ingancinsa na hukumar ONE ce ta Al'umma. In mutum ɗaya ya riƙe ɓangarorin biyu, kamar Galant a wasanni ko Lescrenier a renon yara, an rage gudun takarda tsakanin birane biyu. Kuɗin da ake biya shi ne ministan yana amsa tambayoyi a majalisa biyu, yana kare kasafi biyu, yana aiki da ma'aikatan hukuma biyu masu ƙa'idoji daban. Rudy Demotte ya taɓa shugabantar gwamnatocin biyu a lokaci ɗaya daga 2008 zuwa 2014, daga baya aka sake raba su. Akwai kuma wani ƙarin rikitarwa: a ƙananan hukumomi tara masu Jamusanci da ke gabashin Waloniya, wasu ayyukan Yanki kamar aikin yi, gidaje da tsara ƙasa an miƙa su ga gwamnatin Al'ummar masu Jamusanci da ke Eupen, ministan Namur ba ya da ta cewa a kansu a can.

Da zarar an yi rantsuwa, gwamnati na fitar da umarni biyu. Na farko ya fayyace fagen kowane minista da wanda zai sa hannu a kan me. Na biyu ya tsara yadda ake aiki, har da iyakar kuɗin da minista zai iya kashewa ko kwangilar da zai iya bayarwa shi kaɗai ba tare da ya kawo gaban sauran ba. Duk abin da ya wuce wannan iyaka na gwamnati ne gaba ɗaya, kuma dokar 1980 ta ce da yardar kowa ake yanke shi. Ba a ƙidaya hannu a zaman ministoci. Wanda bai yarda ba, ko ya hana abin wucewa, ko ya haƙura ya fita ya kare shi a bainar jama'a, ko ya ajiye aiki. Ma'anar wannan a aikace ita ce ƙaramar jam'iyya mai ministoci biyu tana da birki daidai da babba.

Bi sawun daftarin doka ɗaya ka ga inda birkin yake. Ofishin minista da ma'aikatan hukuma su rubuta. Sufeton kuɗi ya ba da ra'ayinsa kan abin da dokar za ta ci, ministan kasafi ya sa hannun amincewa. In bai sa ba, takardar ba ta motsi. Sai taron mashawartan ofisoshin ministoci, inda wakilin kowace jam'iyya ke bin daftarin layi-layi yana auna shi da yarjejeniya. A nan ne yawancin abubuwa ke mutuwa ko su daidaita, tun kafin ministoci su gan su. Mataimakan shugaban gwamnati suna da mashawarta na musamman waɗanda aikinsu shi ne bin diddigin ma'aikatun abokan ƙawance, kowa na gadin kowa. Abin da ya wuce sai ya hau teburin gwamnati, wadda ta saba zama ranar Alhamis a gidan Élysette da ke unguwar Jambes a bakin kogin Meuse. Karatu na farko ke nan. Daga nan a nemi ra'ayin majalisar tattalin arziki da zamantakewa da ke Liège, da ƙungiyar ƙananan hukumomi in abin ya shafe su, a dawo karatu na biyu. Sai a aika wa sashen duba dokoki na Conseil d'État, babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar, wanda aka fi ba shi kwana 30, ya duba ko Yanki na da hurumin yin dokar kuma ko ta saɓa wa tsarin mulki. Bayan karatu na uku a kai majalisa, kwamiti ya tattauna, zauren ya kaɗa ƙuri'a, gwamnati da kanta ta sa hannu, ba sarki ba, sannan a buga a jaridar gwamnati. In rigima ta gagari mashawarta, shugaban ministoci da mataimakansa su keɓe su kaɗai. In ta gagare su, waya ta koma ga shugabannin jam'iyya, waɗanda ba su cikin gwamnatin ma. Hanyar da aka fi warware irin wannan ita ce a ɗaure takardu biyu tare: ka sakar min tawa in sakar maka taka. Shi ya sa zaman ƙarshe kafin hutun Yuli da na Disamba ke cika maƙil da takardu.

To me ya rage wa shugaban ministoci? Shi ke tsara ajanda, shi ke jagorantar zama, shi ke sasanci, shi ke wakiltar yankin a kwamitin tuntuɓa inda gwamnatocin ƙasar ke haɗuwa da firaministan tarayya. Bisa al'ada shi ke riƙe hulɗa da ƙasashen waje da lasisin fitar da makamai, wanda ya dawo hannun Yankuna a 2003. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ganin cewa kamfanin bindigogi na FN Herstal mallakar Yankin Waloniya ne, kuma Conseil d'État ta sha dakatar da lasisin sayar wa Saudiyya makamai. Ƙarfin kujerar ya fito fili a Oktoba 2016, lokacin da Paul Magnette na PS, shugaban ministocin Waloniya a lokacin, da goyon bayan majalisarsa, ya ƙi ba gwamnatin tarayya izinin sa hannu kan yarjejeniyar ciniki ta CETA tsakanin Tarayyar Turai da Kanada. Yanki mai mutane ƙasa da miliyan huɗu ya tsayar da nahiya guda, sai ran 30 ga wata aka sa hannu bayan an daidaita a cikin gida. Amma mutumin nan da ya iya wannan, ba zai iya sallamar ƙaramin ministan abokiyar ƙawancensa ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Majalisar Yanki ba a rusa ta, sai ta cika shekara biyar. Gwamnati kuma ba a kayar da ita haka kawai. Ƙudurin rashin amincewa, ko a kan gwamnati duka ko a kan minista ɗaya, ba a karɓarsa sai ya zo da sunan magaji, ba a kaɗa ƙuri'a a kansa sai bayan awa 48, kuma sai ya samu 38. Ran da ya wuce, tsohuwar ta sauka sabuwar ta hau a zama ɗaya. An yi haka a 2017. Bayan badaƙalar kuɗi ta Publifin a Liège da ta Samusocial a Burasel, waɗanda suka shafi 'yan PS, shugaban cdH Benoît Lutgen ya fito ran 19 ga Yuni ya ce ba zai ƙara mulki da PS ba. A Namur lissafi ya ba shi: MR 25 da cdH 13, 38 cif. Ran 28 ga Yuli ƙudurin ya wuce da ƙuri'a 39 a kan 35, Magnette ya sauka, Borsus ya hau. A majalisar Al'umma kuwa MR da cdH ba su kai rinjaye ba, jam'iyyar DéFI ta ƙi ba su hannu, don haka gwamnatin PS da cdH ta Demotte ta ci gaba har 2019. Alda Greoli ta cdH ta kasance minista a gwamnatocin biyu, a Namur tana zama da MR, a Burasel tana zama da PS ɗin da jam'iyyarta ta kora. Rinjayen 38 ɗin ma bai kai ƙarshe ba. A Maris 2019 'yar majalisa ɗaya ta bar MR, ƙawancen ya koma 37, babban gyaran tsarin tallafin ɗaukar ma'aikata da Jeholet ya daɗe yana shiryawa ya mutu a bakin ƙofa. Gwamnatin dai ba ta faɗi ba, domin 'yan adawa ba su da magajin da suka yarda da shi.

Wannan sharaɗi na magaji shi ke sa minista ya tsira daga guguwar da a wani wuri da ta tafi da shi. A Nuwamba 2023 RTBF ta bankaɗo cewa ruwan famfo a yankin Chièvres ya daɗe ɗauke da sinadarai masu cutarwa da ake kira PFAS da yawa ba a gaya wa mazauna ba. Tellier, ministar muhalli, ta ce gargaɗin ya iso ofishinta amma bai iso gare ta ba. An yi ta kiran ta sauka, amma Ecolo ta tsaya mata, kuma PS da MR sun san taɓa ta daidai yake da rusa ƙawancen ana saura watanni zaɓe. Ta kai ƙarshen wa'adi. Jean-Luc Crucke kuwa, ministan kasafi na MR, abokan ƙawance ba su da matsala da shi. Jam'iyyarsa ce ta soki dokar harajin da ya kawo a Disamba 2021, dokar ta wuce, amma a Janairu 2022 ya ajiye aiki, Bouchez ya kawo Dolimont. Wata hanyar ɓatawar kuma ita ce a haɗa baki da 'yan adawa a majalisa kan doka ɗaya. A Afrilu 2024 PS da Ecolo sun yi haka da PTB a majalisar Al'umma, suka sassauta ƙa'idojin ci gaba da karatun ɗaliban jami'a, MR na kallo tana cewa an ci amanarta. Zaɓe na tafe cikin makonni, kowa ya haɗiye fushinsa.

In gwamnati ta sauka, ko an yi zaɓe ba a kafa sabuwa ba, tsofaffin ministoci ke ci gaba da riƙo. Hurumin riƙo ya tsaya kan ayyukan yau da kullum, ƙarasa abin da aka riga aka yanke, da abin gaggawa da ba ya jira. Minista mai riƙo in ya ɗauki sabon mataki na siyasa, wanda abin ya shafa na iya kai ƙara Conseil d'État a soke shi. In shekara ta ƙare babu kasafi, majalisa takan ba da izinin kashe kashi ɗaya cikin sha biyu na kasafin baya a kowane wata, abin da ke biyan albashi amma ba ya buɗe sabon aiki. Haka Yankin Burasel ya zauna bayan zaɓen Yuni 2024, fiye da shekara guda babu sabuwar gwamnati. A can majalisa na da kujeru 89, 72 na masu Faransanci da 17 na masu Holanci, kuma sai an haɗa rinjaye a kowane ɓangare daban, sannan ɓangarorin biyu su yarda su zauna tare. Waloniya rinjaye ɗaya kawai take nema.